Tudu ya yi tsada, kwari na shan ruwa: abin da ya kamata ku sani kan gidajen haya masu sauƙi a Haɗejiya

A Haɗejiya, kafin mai neman fuloti ya tambayi faɗinsa ko kusancinsa da titi, tambayarsa ta farko ita ce: ruwa yana zuwa nan? Amsar ce ke yanke farashi. Inda ƙasa ta ɗaga, kuɗi ya ɗaga. Inda ta kwanta, fili ya yi araha, kuma can mai ƙaramin ƙarfi yake ƙarewa. A watan Maris ko Afrilu duk filayen kamarsu ɗaya, busassu ƙayau, iska na kwasar ƙura a kansu. Dillali zai ce maka, "Alhaji, ai nan ko a shekarar babbar ambaliya ruwa bai wuce idon sawu ba." Kai dai ka leƙa katangar maƙwabci. In ka ga wani layi mai duhu ya zagaye ta daidai gwiwa, filasta ta kumbura tana zubowa daga ƙasa, katangar ta riga dillali ba ka amsa.

Wannan ne ya sa maganar gidaje masu sauƙin kuɗi a Haɗejiya ta bambanta da ta Kano ko Dutse. A nan busasshiyar ƙasa ita ce abin da ya yi ƙaranci. Abin da ya yi ƙaranci kuwa ba a shimfiɗa wa iyali ɗaya shi su kaɗai alhali iyali huɗu ko shida za su iya zama a kansa. Shi ya sa ake maganar gini mai ɗauke da iyalai da yawa, kowa da sashensa, da kuma irin rangwamen da hukuma za ta iya yi wa mai kuɗi don ya yarda ya yi irin wannan ginin, ya kuma ba da shi haya a farashin da malamin firamare ko mai ɗinki zai iya biya.

Ruwan da kansa yana da tarihi. Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu, ya ratso Wudil da Ringim, ya iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ta da gangare sosai, sannan ya rarrabu ya shiga fadamun Haɗejiya da Nguru. Da can ruwa kan zo da damina, ya cika fadama, ya janye da rani, kogi ya bushe. Bayan an gama dam na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, sai ya zama ana sako ruwa har da rani saboda noman rani da ruwan shan Kano. Hanyar ruwan da ba ta bushewa kuwa ita kacala take so. Ciyawar ta yi kaka-gida, ta tare yashi da laka, hanyoyin ruwa suka cushe. Yanzu in ruwa ya taho da ƙarfi a Agusta da Satumba, ba ya samun wucewa, sai ya fantsama gefe. An gani a 2012, an gani a 2018 da 2020, sannan a 2022, shekarar da ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ji a jiki. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma ba sa bukatar a ba su labari. Matasan Haɗejiya ma sun san kwanan bakin jinga, buhu a kafaɗa, fitila a goshi, ana cusa yashi inda ruwa ya fara tsatsa.

Duk ambaliyar da ta ci ƙauye, wani kaso na mutanensa gari yake shigowa, kuma ba duka ke komawa ba. Ga ɗaliban kwalejin Binyaminu Usman, ga ma'aikatan jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa waɗanda wasunsu a Haɗejiya suke zaune, ga fataken kifi da shinkafa da riɗi da tattasai. Ƙaramar hukumar Haɗejiya kuwa 'yar mitsitsiya ce a faɗin ƙasa, duk da ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 100,000 a cikinta. Tsofaffin unguwanni irin su Majema da Rumfa da Kasuwar Ƙofa sun cika tuntuni. Garin ya tsallaka iyakarsa ya shiga ƙasar Malam Madori, har mutum ya ce maka shi ɗan Haɗejiya ne mazaunin Gandun Sarki, amma a takarda wata ƙaramar hukumar ce ke da shi.

Me ake nufi da rangwamen?

Lissafi ne na kasuwa. Mai kuɗi ba ya ƙin gina wa talaka gida don mugunta. Yana ƙi ne don kuɗinsa ba sa dawowa. Sai hukuma ta ce masa: zan ɗauke maka wani ɓangare na nauyin, kai kuma ka yi min alkawarin kaza daga cikin gidajen na masu ƙaramin ƙarfi ne, a farashi kaza, har tsawon shekara kaza. Abin da hukuma ke ɗaukewa ya danganta da abin da ke hannunta.

A Amurka, tun 1986 gwamnatin tarayya ke rage wa mai gini haraji na tsawon shekara 10, shi kuma ya ware wani kaso na gidajen ga masu ƙaramin samu, ya riƙe hayar a ƙasa, yawanci har shekara 30. Jihar Kalifoniya tun 1979 take da wata dabarar da ba ta cin baitulmali ko kwabo: in doka ta ce gida kaza za a yi a fili, sai a ba ka izinin ƙarawa, muddin wasu daga ciki na talakawa ne. Maroko a 2010 ta ce duk kamfanin da ya yi alkawarin gina gida 500 cikin shekara biyar, kowanne bai wuce dirhami 250,000 ba, an yafe masa manyan haraji da kuɗin rajista. An yi gine-gine masu yawa a gefen Kasabalanka da sauran birane, an kuma yi ƙorafi mai yawa kan ingancin wasunsu da nisansu da wurin neman abinci.

Sai dai a ɗauko waɗannan a dasa a Haɗejiya yadda suke, ba za su kama ba. Yafe harajin kamfani ba ya motsa Alhajin da ya samu ribar riɗi ya ce bari ya gina shaguna da ɗakunan haya, domin dama ba ta wannan ƙofar kuɗinsa ke fita ba. Izinin ƙara hawa ma ba wani abin kwaɗayi ba ne a garin da ba doka ce ta hana mutane yin bene ba, tsadar rodi da siminti ce.

Abin yana hannun wa?

Nan ne mutane da yawa suke kai kuka inda ba a iya share musu hawaye. A biranen Turai da Amurka, magajin gari da majalisarsa su ke da ikon tsara fili da ba da izinin gini. A Najeriya ba haka ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana birni, gwamna ke ba da shi, shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, kuma ko jinginar da filin ga banki za ka yi sai da yardarsa. Izinin gini da tsarin unguwa na hukumar raya birane ta jiha ne. Abin da kundin tsarin mulki ya bar wa ƙaramar hukuma shi ne tituna da magudanan ruwa na cikin gari, kwashe shara, sa wa gidaje lamba, da harajin gidaje. Masarauta, ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Haɗejiya Alhaji Adamu Abubakar Maje, doka ba ta ba ta ikon raba fili ba, amma kowa ya san cinikin fili a gari ba ya kammala sai mai unguwa ko dagaci ya shaida, kuma rigimar gado da ta iyaka wurinsu take fara zuwa.

Ke nan babban abin bayarwa yana Dutse. Kuma a ganina abu uku ne da gwamnati ke da su waɗanda ɗan kasuwa ba zai iya saya da kuɗinsa shi kaɗai ba: fili a kan tudu, magudanar ruwa da titi da suka riga gini isa wurin, da takarda mai kyau da ta fito cikin 'yan watanni. Na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Mutum ɗaya zai iya cike filinsa da ƙasa ya ɗaga harsashi, amma abin da ya yi kawai shi ne tura ruwan gidan maƙwabcinsa. Lambatu sai an ja shi daga farkon unguwa har inda zai zubar, kuma wannan aikin hukuma ne. Unguwannin awon igiya, waɗanda mai gona ke yankawa ya sayar ba tare da barin hanyar ruwa ba, da kududdufan da aka cike aka yi gini a kansu, su ke sa ko kogi bai kawo ba, ruwan sama kaɗai ya isa ya kwana a tsakar gida.

Ga misali a lissafi. Fulotin da aka saba, ƙafa 50 da 100. In aka cire tituna da hanyar ruwa, kadada ɗaya za ta ba da kamar fuloti 15. Gida ɗaya a kowanne, iyali 15 ke nan. In kuwa aka yi bene hawa ɗaya, sashe biyu a ƙasa biyu a sama, iyali 60 ne a kan wannan kadadar, suna amfani da titi ɗaya, lambatu ɗaya, tiransifoma ɗaya, rijiyar burtsatse ɗaya. Kuɗin da gwamnati ta kashe wajen gyara wurin ya rabu gida 60 maimakon 15. Ba sai an yi dogayen benaye irin na Abuja ba. Ƙasar fadama mai laka ma ba ta son nauyi sai da harsashi mai tsada, kuma duk ginin da ya wuce hawa biyu ya fara neman famfon tura ruwa da wutar da ba a da tabbacinta.

Bashin gida da aljihun talaka

Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa duk wata ana zubawa. Bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, shi ke riƙe da asusun, yana ba da bashi a kan kashi 6 cikin ɗari, a biya har cikin shekara 30. A Najeriya da wuya a samu mai sauƙin wannan: a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, na bankunan kasuwanci kuwa ya haura haka. To amma ko a kashi 6, duk naira miliyan ɗaya da ka ci bashi, kusan naira 6,000 za ka riƙa biya a wata. Ƙa'ida kuma ba a cire wa mutum fiye da sulusin albashinsa. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, abin da zai iya biya kamar 23,000 ne, wato bashin da bai kai miliyan huɗu ba. Tun da buhun siminti ya taɓa naira 10,000 a farkon 2024, miliyan huɗu ba ta gina gida mai ɗaki biyu da falo har da fili. Gidan miliyan 10 sai mai albashin 180,000.

Wannan ma ga mai albashi ke nan. Mafi yawan mutanen Haɗejiya ba ƙarshen wata suke jira ba. Manomin shinkafa da kaka yake ganin kuɗi, mai alkama da albasa sai ƙarshen rani, masunci da mai bandar kifi lokacin da ruwa ya fara janyewa. Tsarin da ya ce a biya kowane wata ba fashi, ya fitar da su tun daga bakin ƙofa. Ga kuma waɗanda ko kashi ɗaya ne ba za su taɓa bashi mai ruwa ba, kuma ba kaɗan ba ne. Gare su akwai hanyar ijara, wato haya har gida ya zama naka, da tarayyar da kason banki ke raguwa a hankali, irin waɗanda bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suke yi tun da bankin Ja'iz ya fara aiki a 2012. Shi ma FMBN yana da tsarin haya zuwa mallaka. Duk da haka, gaskiyar da 'yan siyasa ba sa son faɗa ita ce, ga mutum mai samun 70,000 ko ƙasa da haka, abin da ke kusa da hannunsa haya ce mai kyau mai sauƙi. Mallaka sai a hankali.

Ba yau gwamnati ta fara gina gidaje ba. Shugaba Shehu Shagari ya zo a 1979 da shirin gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, shi ya sa garuruwa da dama suke da unguwar da ake kira Shagari Kwatas. Da yawansu an kai su bayan gari, inda babu ruwa babu hanya, suka daɗe ba kowa. A daidai wannan lokacin Lateef Jakande a Legas ya zaɓi benaye masu sassa da yawa, kuma har yau mutane na cikinsu. A Kano, rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 gidaje ne masu kyau, amma farashinsu ba na malamin makaranta ba ne, kuma da yawa sun yi shekaru a rufe. Dutse na da Gida Dubu. A 2024 gwamnatin Malam Umar Namadi ta ƙaddamar da aikin gida 1,500 a Dutse da wasu manyan garuruwan jihar, a shekarar da ita ma tarayya ta fara nata shirin a Karsana da ke Abuja. Duk abin a yaba ne. Sai dai gidan da gwamnati ta gina da kanta ta sayar, sau ɗaya ake cin moriyarsa: wanda ya samu ya samu, yawanci ma'aikaci ko mai hanya, sauran kuma su jira wata gwamnatin.

Rangwame kuwa, in an tsara shi da kyau, yana jawo kuɗin da dama suna cikin gari. Masu gina gidajen haya a Haɗejiya ba manyan kamfanoni ba ne daga Legas. 'Yan kasuwar gari ne, da ma'aikatan da suka karɓi giratuti, da matan da suka sayar da gadonsu suka ce bari su kafa abin da zai riƙa kawo na cefane, da ƙungiyoyin gama-kai na malamai da ma'aikatan lafiya. Shirin da ya ce sai mai iya gina gida 500 ya zo, ba da su yake ba. A sauko da shi daidai mai iya yin sashe huɗu zuwa takwas: a ba shi fuloti a kan tudu a rabin kuɗi ko a biya a hankali, a yafe masa kuɗin awo da na izinin gini da harajin ƙasa na wasu shekaru, a ba shi zanen gini da injiniya ya riga ya duba kyauta. Haka ma mai son yin wakafi, gidan hayar da kuɗinsa ke tafiya ga marayu ko makaranta, shi ya fi cancantar a ba shi fili, kuma kwamitin zakka na masarauta ya san irin waɗannan mutanen.

Sharaɗin ne wurin da ake yawan zamewa. Kowa ya san yadda rabon fuloti ke ƙarewa: takarda ta fito da sunan wani, kafin sati ta shiga hannun dillalai, fili ya yi shekara goma a kewaye da bulo huɗu-huɗu ana jiran ya yi tsada. Don haka takardar mallaka ta dindindin kada ta fito sai gini ya kai linta ko an rufa, wanda bai fara ba cikin wa'adi a karɓe. A rubuta iyakar kuɗin haya da shekarun da za ta yi aiki a jikin takardar filin, yadda ko an sayar da gidan sharaɗin na bin sa. A kafe sunayen waɗanda aka ba a sakatariya da ƙofar fada kowa ya gani. Kuma kada a ba da ko sisin rangwame ga ginin da ke kan hanyar ruwa, kome arahar filin. Araha ba ta ado. Tudun da za a karɓa kuwa gonar wani ce. Dokar 1978 diyyar amfanin gona da gini take biya, ba darajar ƙasar kanta ba, kuma nan ne rigima ke tashi. Hanyar da ta fi kwantar da hankali ita ce a bar wa mai gona wani kaso na fulotan da aka yanka a gonarsa.

Sai maganar da masu zane daga nesa ke mantawa. Zaman iyalai da yawa a gida ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gidan yawa ke nan, zaure ɗaya, kowane magidanci da sashensa. Abin da Bahaushe ke gudu a bene shi ne tonon asiri. Tagar sama da ke kallon tsakar gidan maƙwabci ta isa ta jawo ƙara gaban mai unguwa. Matattakala ɗaya da matar aure za ta riƙa gogayya da samarin wani sashen, ita ma matsala ce. Shiga gidan haya na ɗaki-ɗaki da sassafe ka gani: bokitai a jere a ƙofar banɗaki ɗaya, murhu uku na hayaƙi a lungu guda, igiyar shanya ta ratsa ta kan kowa, wata na jiran mazan gidan su fita kafin ta fito wanke-wanke. Wanda zai zana sabon gini ya fara tsayawa a nan. Kowane sashe na bukatar banɗakinsa da ɗan filin da mace za ta sha iska ba mayafi, ko da baranda ce mai katangar bulo mai huji. Habasha, da ta fara gina rukunan benaye a Addis Ababa wajen 2005 tana raba su ta hanyar ƙuri'a, ta gane haka: a rukunan farko an yi wani gini daban a tsakiya don yanka dabba da wanki da babban girki. Mu ma turmi ba ya hawa bene, ragon layya na son turke, tukunyar suna na son fili.

A ƙasar da ruwa ke kusa da sama kamar wannan, masai da sokawe ma abin lura ne. Iyali 60 a kadada ɗaya, in kowa ya haƙa raminsa kusa da rijiya, damina ɗaya ta isa ta haɗa ruwan sha da na bayan gida, kwalara ta biyo baya. Dole a yi ramin tara ƙazanta mai siminti, nesa da burtsatse, a kuma san tun farko wa zai riƙa biyan motar kwashewa. Haka rufin da ya yi yoyo, da famfon da ya lalace, da yashe lambatu kafin ruwan farko: a gidan mutum ɗaya mai gida ne, a gidan mutum takwas kowa sai ya ce na wane ne. Yarjejeniyar haya ta faɗi nawa kowane sashe zai riƙa bayarwa, da wanda zai riƙe kuɗin, da lokacin biya. Ga manomi da masunci a sa shi bayan girbi ko lokacin kamun kifi.